Ka ƙirga jarinka da buhu, ba da jine ba

A kasuwar Sinnar ko ta Gadarif, a nan Sudan, akwai irin karayar da ba a jin ƙararta. Ba gobara aka yi ba, ɓarawo bai shiga ba, yaron shago bai gudu da ko sisi ba. Mai shago yana buɗewa kullum bayan asuba, ciniki yana tafiya, takardun kuɗi suna ƙara kauri a aljihu, amma kanta sai ramewa take yi. Bara buhun sukari talatin ne jibge a bayansa, bana sha takwas, baɗi sai ka tarar ya jera kwalayen banza a sama don kada a ga bango. In ka tambaye shi zai rantse maka riba yake ci, kuma ba ƙarya ya yi ba. A takarda riba ce.

Ga yadda abin ke faruwa, da alƙaluman misali, tunda farashin yau ba ya kai jibi. A ce ka sari jarka ashirin na man gyaɗa, kowace jine dubu 100 (jine shi ne kuɗin Sudan), wato miliyan biyu. Ka sayar a kan dubu 110, cikin sati shida kaya suka ƙare, ka riƙe miliyan biyu da dubu 200. Ka koma wurin dila, ya ce jarka yanzu dubu 125. Kuɗinka duka, uwa da riba, jarka sha bakwai za su saya da ɗan canji, ba a ma cire kuɗin mota da na dako ba. Ka shiga da ashirin ka fito da sha bakwai, kuma a cikin satin nan shida ka yi cefane daga abin da ka ɗauka riba ce.

Ciwon ya daɗe. Tun da Sudan ta Kudu ta ɓalle a Yulin 2011 ta tafi da kusan kashi uku cikin huɗu na man fetur, jine bai sake tsayawa da ƙafarsa ba. A Fabrairun 2021 Babban Banki ya sauke shi daga 55 zuwa kusan 375 a dala ɗaya a rana guda. A Yulin shekarar hauhawar farashi ta haura kashi 400 cikin ɗari, ma'ana abin da aka saya ɗari bara ya wuce ɗari biyar, kusan ƙarin kashi 15 kowane wata. Sai yaƙin da ya ɓarke ran 15 ga Afrilun 2023 ya zo ya ƙarasa.

Shi ya sa in aka tashi lissafa halayen ɗan kasuwa aka fara da ƙwazo da jarumta da tashi da wuri, sai in ga an bar jaki ana dukan taiki. Wa ya fi mutanenmu Hausawa zafin nema a ƙasar nan? Mai agashe, wato tsiren nan Sudan, da ke tsaye gaban wuta har tsakar dare, mai godogodo da ta dama gero tun kafin kiran salla, mai yankan riɗi a Gadarif cikin ranar Oktoba, ba wanda zai koya musu wahala. Amma zafin nema ba ya kawo samu. Abin da ke raba wanda shagonsa ya kai shekara goma da wanda ya rufe a ta biyu halaye ne masu sanyi, marasa daɗin ji, kuma duk suna komawa ga abu ɗaya: hana jari zagwanyewa.

Na farkonsu shi ne mutum ya daina yarda da takardar kuɗi a matsayin ma'auni. Jarinka jarka ashirin ne, ko buhu talatin, ko bandir goma sha biyu. Kuɗi hanya ce kawai da kaya ke bi su koma kaya. Wanda ya zauna da wannan a ransa, abubuwa uku za ka ga yana yi. Kowace safiya kafin ya sayar da ko ratali ɗaya, awon da bai kai rabin kilo ba, sai ya kira dila biyu ya ji farashin sari na ranar, ya ɗora ribarsa a kan kuɗin da zai sake sayo kayan, ba a kan kuɗin da ya sayo su wancan watan ba. Ba ya barin kuɗin ciniki su kwana uku a hannu: da sun kai na jarka biyu ya mayar da su jarka biyu, ko da zai ƙara biyan raksha, wato keke mai ƙafa uku. Sannan yana da rana ɗaya a sati, da yawa sukan zaɓi yammacin Alhamis, da zai rufe ƙofa ya ƙirga kaya ɗaya bayan ɗaya, ya ɗauki kuɗin hannu da na banki ya raba da farashin sari na ranar, ya cire bashin da ake binsa, ya rubuta sakamakon da buhu. In satin jiya 30 ne yau 31, buhu ɗayan nan shi ne riba. In 29 ne, to akwai inda ke yoyo, kuma ya gane cikin kwana bakwai maimakon wata bakwai.

Kada wani ya ce ina koyar da ɓoye kaya. Mai ɓoye abinci yana jiran mutane su galabaita daban, mai sayarwa kullum a farashin da zai iya sake cika shago daban. Na biyun ma shi ne ke sa unguwa ba ta rasa mai da sukari. Kuma a irin wannan kasuwa saurin juyawa ya fi kaurin riba. Wanda ke cin kashi 5 amma yana juya jarinsa sau huɗu a wata ya wuce wanda ke jiran kashi 15 sau ɗaya, ga shi kayansa ba sa tsufa, ɓera da zafi ba sa samun rabonsu. Masu sayayya za su yi gunaguni in ka ƙara kuɗi, dole ne. Ka gaya wa na kullum tun jiya cewa gobe akwai ƙari. In abin ya fi ƙarfin aljihunsu ka ƙulla ƙananan ƙulli, rubu'in ratali, rabin mudun da ake ce wa malwa, a fili kowa na gani. Abin da ba a yi shi ne a bar farashi yadda yake a daki gindin mudu.

Kunya da bashi

Nan ne wurin da ya fi cin mutanenmu, don an haɗa mana karamci biyu, na Hausa da na Sudan. Mun tashi a inda ake tare matafiyi a bakin titi da azumi a tilasta masa buɗa baki, mun kuma gaji alkunyar da ke hana mutum ce wa kawunsa babu. Tun da aka fara yaƙi kuwa da wuya ka sami gida a Kasala ko Gadarif ko Bur Sudan da bai sauki 'yan'uwan da suka baro Hartum ko Madani ba. Duk wannan alheri ne. Amma in daga akwatin shago kai tsaye ake ɗiba, wata shida ya isa mai taimako ya koma layin masu neman taimako.

Maganinsa ba rowa ba ne, rabo ne. Aljihu uku: na shago, na gida, na zumunci. Mai shago ya yanka wa kansa albashi kamar yadda zai yanka wa yaro, a sati ko a wata, kuma ko sabulu aka ɗauka daga kanta zuwa gida a rubuta a cire daga albashin nan. Na zumunci kuma a ware masa kaso sananne daga ribar da ƙirgar Alhamis ta nuna, ko ushiri ne ko ɗaya cikin biyar, daga nan ake biki da suna da ta'aziyya da asibitin ƙanwar baba. In ya ƙare ya ƙare. Ana iya cewa, "Kawu, wallahi na wannan watan ya tafi, amma in Allah ya kai mu ɗaya ga wata kai ne farko," kuma a cika. Dattijon da aka gaya wa haka aka cika masa sau biyu ya fi ganin girmanka a kan wanda ka ba yau, gobe ka riƙa ɓuya in ka hango shi.

Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma shagon unguwa ba ya rayuwa ba tare da littafi ba. Sai dai a san abin da ake bayarwa. In farashi na hawa kashi 10 a wata, wanda ya riƙe maka dubu 100 wata uku ya dawo da su cif, abin da ya dawo da shi kayan dubu 75 zai saya. Rubu'i ya tafi, kuma wannan mai biya ne na kirki. Wasu sukan ce to a bar farashi a buɗe sai ranar biya. Wannan malamai suna da magana a kansa, don ciniki yana son a san kuɗinsa tun a zaman ƙullawa, saboda haka kafin ka yi ka zauna da malaminka. Hanyar da ba ta da ƙura ita ce gajeren wa'adi da ƙaramin rufi: sati ɗaya ga mai aikin yini, ƙarshen wata ga mai albashi, kowa da iyakar da ba ya wucewa, kuma ba sabo sai an share tsoho. Jimillar abin da ke waje kada ta haura abin da in ya nutse gaba ɗaya shago zai ci gaba da buɗewa. Ga ƙaramin shago, ni ba na ganin ya kamata ta wuce ushirin jari. A rubuta a gaban mai karɓa, da kwanan wata. Wanda ya ɓata rai don an rubuta, a tuna masa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka.

A wajen rubutun ma akwai tarko na ƙasar nan kaɗai. Tun canjin kuɗi na 2007, lokacin da sabon jine ya maye dinari, bakin mutane bai bar tsohon lissafi ba: a ce miliyan ana nufin dubu, a ce miliyar, wato biliyan, ana nufin miliyan. An sha yin rigima a kan wannan tsakanin mutanen da ba wanda ya yi niyyar cuta. Ka rubuta da lamba, sifili ya cika, ka karanta wa mutum da sabon lissafi.

Juya ta ɗaya gefen, kai ma ana binka. Inda kotu ke da nisa, banki kuma ke neman jinginar da ba ka da ita, sunanka ne takardar filinka. Dila a Umdurman ko Madani da zai ɗora maka kayan miliyoyi a lori a kan kalma, ba fuskarka yake dubawa ba, ranakun biyanka yake tunawa. Dokar a nan gajeriya ce: in ka ce Talata, Talata. In ka ga ba za ta yiwu ba, kai za ka kira ran Lahadi, ka aika rabin da ke hannu, ka yanka sabuwar rana. Wanda ya kashe waya ranar biya ya ci ribar sati ɗaya ya sayar da sarin shekara goma. A lokacin da kaya suka yi wuya, kamar yadda aka gani da gari da man girki bayan rufewar masana'antun Bahri da ke arewacin Hartum, dila ba mai kuɗi a hannu yake fara kira ba, mai cika alkawari yake kira.

Yarda da mutane kuma ba ta hana dubawa. Yanzu da ciniki ya koma Bankak, manhajar Bankin Hartum, 'yan damfara sun ƙware wajen haɗa hoton sanarwar biya na bogi, da sunanka da adadin kuɗin da komai. Hoton da ke wayar mai saye ba shaida ba ne. Ka buɗe naka asusun ka ga kuɗin sun zauna kafin kaya su bar ƙofa, ko da mutumin da rawani ya zo. In intanet ta yanke, kaya su jira. Ka kuma san cewa a wurare da yawa kuɗin hannu da na waya ba darajarsu ɗaya ba, masu canji suna cire kaso in za su ba ka tsaba, wani wuri ushiri, wani wuri fiye. In dilanka tsaba yake karɓa kai kuma ta waya ake biyanka, wannan kason yana cikin kuɗin sarinka, ka sa shi a lissafi.

Hannu ya san kaya

Akwai masu kuɗin da ke shiga harkar amfanin gona don sun ji ana samu, su zauna a inuwa dillali yana kawo musu samfur a tafin hannu. Wannan cinikin biri a sama ne. Wanda zai daɗe a harkar yana da naci irin na mai koyo, ba ya jin nauyin durƙusawa ya zura hannu har gindin buhu.

Ɗauki gyaɗa. Kilo 100 mai ɓawo, in ta yi kyau, za ta ba da ƙwaya kilo 65 zuwa 70. In aka kai injin matsa, man da ke fita wajen kashi 40 ne na nauyin ƙwayar, wato kilo 26 zuwa 28, sauran kuma ambaz ne, tunkuzar da masu kiwo ke saye. Jarkar mai ratali 36 ce, kimanin kilo 16, saboda haka kilo ɗarin nan ba za su cika jarka biyu ba. Wanda bai san wannan ba zai sayi gyaɗa da tsada yana hangen man da babu shi. Wanda ya sani kuma ya san sau da yawa kuɗin mai gyaɗar da matsa kawai yake mayarwa, ribar tana cikin ambaz, don haka tun kafin ya matsa ya nemi mai sayensa. Kafin ka biya, ka ɗebi daga sama da tsakiya da ƙasan buhu uku cikin kowane goma, ka auna kilo ɗaya, ka ɓare, ka sake aunawa. Ka kaɗa ɓawon a kunne, busasshiya tana ƙara. Ƙwayar da ta yi laushi a haƙori ko ta yi baƙi-baƙi da ɗaci, danshi ya shige ta, kuma irin wannan fumfuna ce ke haifar da gubar da ke sa masu fitarwa waje su mayar da kaya gaba ɗaya. Danshi cuta biyu ne: ka sayi ruwa da kuɗin gyaɗa, sannan ruwan ya ɓata maka sauran.

Riɗi nasa ciwon ƙasa ce da tsakuwa. Kintari ratali 100 ne, kusan kilo 45, kuma ratali huɗu na yashi a kowane kintari sun isa su cinye ribar ɗan tsakiya. Rariya da ma'auninka na kanka su fi maka dillali mai daɗin baki. In noma shi kake yi, ka san riɗi ba ya jira: in ya nuna aka yi jinkirin 'yan kwanaki, kwanson ya buɗe ya zubar a ƙasa. Manomin Gadarif da bai tanadi kuɗin masu yanka tun Satumba ba, a Oktoba zai sayar da rabin amfanin a arha don ya ceci rabi. Dawa kuma ardabi ake cinikinta, buhu biyu kenan. Gwajin danshinta mai sauƙi ne: kwalba busasshiya, dawa cikin hannu, cokalin gishiri busasshe, a rufe a girgiza a bari ya ɗan jima. In gishirin ya manne a jikin kwalba, ba ta bushe ta ajiya ba, a mayar da ita rana.

Ko mai agashe wannan lissafin ne ke riƙe shi. Kilo ɗaya na ɗanyen nama, tsakanin gyara da wuta, kusan kashi ɗaya cikin uku yakan tafi. Sai ya san tsinke nawa kilo ke fitarwa a yankansa, ya ɗora garin ƙuli da yaji da mai da gawayi da albasa da lemun tsami da leda, ya raba, kafin ya san kuɗin tsinke ɗaya. Da yawa ba su taɓa yin wannan ba, farashin maƙwabci suke bi, shi ma maƙwabcin na wani yake bi. Sunan da agashe ya yi a Sudan har ya zama in an ambace shi sai a tuna Bahaushe, jari ne da kakanni suka tara. Mai sa naman jiya a ƙarƙashin yaji ba kansa kaɗai yake cuta ba.

Ajiya tana son haƙuri, amma haƙuri mai lissafi. Kowa ya san dawa tana arha da kaka ta yi tsada da damina, lokacin da laka ta rufe hanyoyin ƙauyukan Gadarif da Damazin lori ba ya shiga. Abin da ba a cika ƙirgawa ba shi ne hayar sito, sabon buhu, dako sau biyu, ragin nauyi in ta ƙara bushewa, ɓarnar ƙwari, da kuɗin da aka daure wata shida ba su juya ba. In za a ajiye, a ɗora buhu a kan katako, a bar tazara tsakaninsa da bango, a duba rufi kafin ruwan farko. Ƙwayar maganin ƙwari da ake sakawa cikin hatsi iskar guba take fitarwa: sito a rufe ruf na aƙalla sati ɗaya, kuma ko kusa kada a sa ta a ɗakin da mutane ke kwana ko mai haɗe da shi. An yi asarar rayuka a kan wannan sakacin.

Rashin wannan tanadin ne ke jefa ƙaramin manomi hannun mai shel, ɗan kasuwar da ke sayen amfani tun kafin girbi, manomin ya karɓi kuɗi a Agusta lokacin da rumbu ya yi fayau, a yanka masa farashin buhu ƙasa warwas, da kaka ya kwashe amfanin ya kai wa wani. Salam ɗin da Bankin Noma ke yi shi ma sayen amfani ne kafin girbi, amma da awo sananne da wa'adi sananne, kuma akwai sharaɗin rage cuta in farashi ya yi nisa da abin da aka ƙulla. Matsalar ita ce banki yana son takarda, mutanenmu da yawa kuma ba su da ita.

Wannan maganar takarda, a daina ɗaukarta aikin 'yan boko. A Disambar 2024 da aka canza takardun jine 500 da 1,000, ba a hannu aka musanya ba, sai ta zuba kuɗi a asusun banki, asusu kuma ba ya buɗuwa sai da lambar ɗan ƙasa. Wanda ya tara tsaba a ƙarƙashin katifa ba shi da asusu, sai da ya bi ta hannun wani, wani wurin da ragi. Haka lasisin ƙaramar hukuma, haka rasit. Duk kuɗin da aka karɓa da sunan hukuma a kasuwa ko a hanya, ka nemi Urnik 15, rasit ɗin gwamnati, ka adana. Yin hakan cikin ladabi, ba da faɗa ba, yana rage yawan masu dawowa karo na biyu.

Yaƙi ya koyar da sauran. Wanda ya tara duk abin da ya mallaka a sito ɗaya a Suk Libya, babbar kasuwar Umdurman, ko a Madani kafin Disambar 2023, ko a Sinja kafin tsakiyar 2024, ya san abin da ya gani. A Fabrairun 2024 layukan waya suka ɗauke kusan ƙasar gaba ɗaya, mai kuɗi a Bankak ya zauna da yunwa yana kallon wayarsa. Tun daga nan masu hankali suke raba ƙafa: mafi yawa a kaya, kayan ma a wuri biyu in da hali, kaɗan a asusu, kaɗan tsaba na cefanen sati biyu da kuɗin mota. Mata sun daɗe da sanin wannan da zinariya da awaki, sai dai a tuna zinariya in za a sayar ana zubar da kuɗin ƙira, akuya kuma tana ci tana ciwo. Hoton littafin bashi da na takardun shago a aika wa ɗan'uwa a wani gari.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Waɗanda suka biyo Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, daga Najeriya bayan yaƙin Burmi na 1903 suka kafa gari a bakin Shuɗin Nilu, da alhazan ƙafa da suka yi shekaru suna tsintar auduga a Jazira bayan an gama madatsar Sinnar a 1925 don su tara kuɗin jirgin Jidda, ba da sito suka zo ba. Da fawa suka zo, da ɗinki, da wanzanci, da dukanci, da koli, da su da noman bakin kogi, sana'o'in da ake ɗauka a ka a sauke a garin gaba. Mai shagon da ya iya gyaran waya ko haɗa sola ko gasa nama, in an kwashe shagon bai koma sifili ba. Kuma girman kai ne kawai ke hana wanda ya taɓa riƙe shago uku ya fara da tebur a Kasala.

Ƙaramin jari yana son haɗin kai, amma shi ma a sake masa lissafi. Adashe, wanda ake ce wa sanduk a nan, in na mutum goma ne wata-wata kuma farashi na hawa kashi 10, mai ɗaukar ƙarshe abin da zai saya bai kai rabin na mai ɗaukar farko ba, alhali zubi ɗaya suka yi. A gajarta shi ya zama na kullum ko na sati, ko a yi shi da kaya, kowa ya kawo ratalin sukari kaza ko sabulu kaza, ko a riƙa juya jerin ɗauka kowane zagaye. Masu shayi da abinci na Hartum sun nuna abin da ƙungiya ke iya yi tun 1990, lokacin da Awadiya Koko ta jagoranci kafa tasu, suka sami bakin magana a gaban masu kwashe musu kujeru da butoci.

In kuma kuɗin wani za ka juya, ko za ka ba wani naka, a zauna da shaidu biyu a rubuta abu huɗu: nawa ne jarin kuma kayan me yake saya a ranar, kason riba na kowa, rabi ko sulusi, ba adadi tsayayye ba, ranar da za a zauna lissafi, da abin da mai juyawa ya halatta ya ci daga ciki na abinci da mota. A ƙa'idar mudaraba, wato irin wannan haɗin na kuɗin wani da wahalar wani, asara ta mai kuɗi ce, mai juyawa wahalarsa ce ta tafi, sai in an tabbatar ya yi sakaci ko ya saɓa sharaɗi. Yawancin rigimar 'yan'uwa a kan haɗin gwiwa daga nan take tashi: shekara ta zagayo, mai kuɗi ya ga miliyan biyunsa sun zama uku yana neman rabin miliyan ɗaya, mai juyawa kuma ya san ukun nan ba za su sayi abin da biyun suka saya ba. Da tun ranar farko an rubuta "jarka ashirin" kusa da "miliyan biyu", kuma an amince ba a kiran komai riba sai abin da ya haura jarka ashirin, da zaman lissafin bai kai gaban mai unguwa ba.